Yadda Ake Ziyartar Gonakin Inabi na Cape Town Ba Tare da An Kurɓi Barasa Ba

Duk wanda aiki ko karatu ko taro ya kai shi Cape Town a Afirka ta Kudu, da wuya ya kwana uku ba a ce masa gobe za a fita gonakin inabi ba. Masu shirya taruka sukan ajiye wannan fita a ranar ƙarshe, jami'o'i kuma can suke kai baƙinsu cin abincin rana. Mutanenmu da yawa in sun ji haka sai su kawo uzuri su kulle kansu a otal. Wasu kuma su bi ayari ba shiri, sai dai su tsinci kansu gaban tebur cike da kofuna, ba su san ta inda za su fita ba.

Ba na ɓoye wa kowa cewa mafi yawan inabin da ake nomawa kusa da Cape Town giya ake yi da shi. Amma wurin gona ce tun kafin ya zama komai, kuma noma ne da aka shafe sama da shekara 350 ana gyara shi. A cikin gonakin nan ne kuma aka binne wasu daga cikin malaman da suka fara kai Musulunci ƙasar. Wanda ya tsara tafiyarsa da kyau zai ga noman, ya ci inabi daga jikin kurangarsa, ya ziyarci magabata, ya dawo bai taɓa abin da aka hana shi ba.

Ka yanke iyakarka tun kana gida

Wannan shi ne matakin farko, kuma ba a cikin mota ake yin sa ba. Haramcin sha kowa ya san shi. Abin da yake shige wa mutane duhu shi ne sauran: akwai hani a kan zama teburin da ake zagayawa da giya, akwai kuma hani a kan saye da ɗauka da miƙawa. Saboda haka ka zauna da malaminka ka bayyana masa yadda wurin yake, cewa gona ɗaya tana da lambu da gidan tarihi da wurin cin abinci da ɗakin ɗanɗanon giya, kowanne da ƙofarsa. Ka ji abin da zai ce maka. Ni dai abin da nake ganin ya fi kwanciyar hankali shi ne mutum ya shiga gona da lambu da gidan tarihi, ya bar ɗakin ɗanɗano ga masu shi, in kuma zai sha lemon inabi ya nemi a kawo masa waje, a teburinsa shi kaɗai ko da iyalinsa.

In tare da abokan aiki za ka je, ka faɗa wa mai shirya tafiyar tun da wuri, a fili, ba tare da kame-kame ba. Cape Town gari ne mai ɗimbin Musulmi, babu ma'aikacin gona ko direban da zai yi mamakin jin cewa ba ka sha. Kunyar a zuciyarmu kawai take.

Zaɓen lokaci

Yanayin can kishiyar abin da muka saba ne. Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga Yuni zuwa Agusta, zafi kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, babu ruwa sai rana da wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas. In ka je a watan Yuli za ka tarar da kurangar tsirara ba ganye ko ɗaya, ma'aikata suna ta datse rassa, ga ruwa ga sanyi. Manomi zai ƙaru da kallon datsar, amma mai son ganin inabi ba abin da zai gani.

A Satumba ake fara toho, a Oktoba da Nuwamba a yi fure. Wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu 'ya'yan suke fara sauya launi su yi laushi. Girbi yana farawa a ƙarshen Janairu ya kai Maris, wasu iri har farkon Afrilu. In za ka iya zaɓa, ka je tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris. A lokacin ne tarakta take ta kai da komo da akwatunan inabi, ƙanshin matsa ya cika wuri, kuma cunkoson hutun ƙarshen shekara ya wuce. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu masauki yana tsada, hanya tana cushewa.

Abu biyu za ka lura da su. Zafin Fabrairu a cikin kwari, musamman wajen Paarl, yana wuce digiri 35, wani lokaci ya taɓa 40, don haka fitar safe ta fi. Sannan ka duba kalandar azumi: a shekarun 2026 da 2027 Ramadan yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, daidai da girbi, ga shi kuma yinin can a wannan lokaci ya fi namu tsawo.

Takardu da hanya

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ana nema ta ofishin VFS, kamfanin da ke karɓar takardun neman biza, a Abuja ko Legas, kuma a fara da wuri don takan ɗauki lokaci. Masu fasfon Gana an ɗauke musu biza tun Nuwamba 2023 ga ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Katin rigakafin shawara kuwa kada ka yi wasa da shi, za a tambaye ka.

Daga Legas akwai jirgi zuwa Johannesburg, daga can kuma awa biyu ne a sama zuwa Cape Town. Wanda ya taso daga Kano ko Yamai zai iya bi ta Adis Ababa ya sauka Cape Town kai tsaye. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Kuɗinsu rand ne, amma kusan ko'ina kati ake karɓa, har akwai gonakin da ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, saboda haka ka tabbatar katinka yana aiki a waje. Soket ɗinsu ma daban yake, mai manyan ƙafafu uku masu zagaye, ka sayi adafta tun a filin jirgi.

Wane yanki za ka nufa

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne son ganin gona biyar a yini ɗaya. Wannan tsarin masu sha ne, su kurɓa nan su wuce can. Kai da za ka taka ƙasa ka yi tambaya, gona biyu sun ishe ka, da safe ɗaya, bayan azahar ɗaya.

In yini guda kawai gare ka, ka je Constantia. Tana bayan Dutsen Tebur (Table Mountain), babban dutsen da ke saman birnin, tafiyar kamar minti 30 daga tsakiyar gari. A nan Groot Constantia take, gonar da Simon van der Stel, wanda ya mulki yankin a madadin mutanen Holan, ya kafa a 1685. Tsohon gidan gonar yanzu gidan tarihi ne, kuma ba su ɓoye labarin bayin da suka yi aikin ba. Za ka iya yawo tsakanin bishiyoyi da gefen kurangar ba tare da ka kusanci ɗakin ɗanɗano ba. Kusa da ita Klein Constantia take, wadda zan dawo kanta don wani dalili mafi girma.

In kana da kwana biyu ko uku, ka koma Stellenbosch da kwana. Kilomita kusan 50 ne daga Cape Town. An kafa garin a 1679, titunansa cike da tsofaffin itatuwan oak da fararen gidaje masu rufin ciyawa irin na mutanen Holan. Jami'ar garin tana da sashen da ke koyar da noman inabi, kuma a nan ne farfesa Abraham Perold ya haɗa iri biyu a 1925 ya samar da Pinotage, irin da ƙasar take alfahari da shi. Daga nan komai kusa ne.

Gonar da nake fara tura duk wanda ba ya sha ita ce Babylonstoren, tsakanin Paarl da Franschhoek. Asalinta tun 1692, amma abin da ake zuwa gani lambunta ne: tsirrai sama da iri 300, galibi na ci ko na magani, ga magudanan ruwa da aka jera da dabara suna bi ta ko'ina. Ana biyan kuɗin shiga, akwai kuma zagaye da mai kula da lambu da safe, wanda ya kamata ka yi rajistarsa tun kafin ranar. Mai lambu a Kwanar Gafan ko Kadawa zai iya wuni a nan bai gaji ba. Fairview a Paarl an san ta da awaki da cuku, yara suna son hasumiyar da awakin suke hawa. Vergelegen a Somerset West tana da itatuwan kafur da aka shuka wajen 1700 suna nan da ransu, maƙwabciyarta Morgenster kuma da man zaitun ta yi suna, ana ɗanɗana shi da zaitun ɗin kansa. Boschendal tana da fili mai inuwa inda ake shimfiɗa a ci abinci a waje.

Franschhoek, kimanin kilomita 75 daga Cape Town, nan ne aka zaunar da Faransawan da suka gudo daga ƙasarsu saboda addini a 1688. Kwari ne mai kyau ƙwarai, duwatsu sun kewaye shi. Akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagayawa da mutane gona zuwa gona, amma an yi shi ne don masu sha kada su riƙe sitiyari, ban ga abin da zai ƙara maka ba. Abin da zai sa ka bi wannan hanya shi ne gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990. Mutum-mutuminsa yana bakin ƙofa.

Wanda inabin ci ne ya dame shi, irin wanda muke gani a manyan kantunan Kano da Abuja, sai ya ƙara gaba. A bi babbar hanyar N1, a ratsa ramin Huguenot da aka huda cikin dutse, a wuce Worcester, a shiga kwarin Hex River wajen De Doorns, kimanin kilomita 140 daga Cape Town. Nan ba wurin yawon buɗe ido ba ne, gonakin fitar da kaya waje ne, shiga sai da izini. Amma a lokacin girbi ana samun inabi a rumfunan bakin hanya, kuma ko daga mota za ka ga yadda suke ɗaga kurangar a kan rumfa su lulluɓe ta da raga.

Ka kira ko ka rubuta kafin ka je

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka aika wa gonar saƙo ta imel ko WhatsApp. Ka tambaye su ko suna da lemon inabi da ba a tsima ba, ko ana zagayawa da baƙi cikin gona ban da ɗakin gangunan giya, ko akwai abincin halal, da kuma ƙarfe nawa suke rufewa, don da yawa suna rufewa wajen biyar na yamma, wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi ko Litinin. In kai manomi ne ka faɗa, ka roƙi a haɗa ka da mai kula da kurangar ko da na minti 15 ne. A tsakiyar girbi ba lallai ya samu sarari ba, amma ana dacewa, kuma wannan 'yar ganawa ta fi duk wani zagaye da aka tsara wa baƙi.

Maganar mota: a hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. In ba ka saba ba kada ka fara koyo a kan hanyar dutse, ka ɗauki direba na yini. Uber da Bolt suna aiki a Cape Town da Stellenbosch, sai dai samun mota daga gona mai nisa da yamma yana wuya, don haka ka shirya dawowarka tun da safe. Kada ka bar jaka ko waya a kan kujera inda za a hango, kuma kada ka tsaya a gefen hanyar N2 kusa da filin jirgi da dare. In ayari kuka yi kuma mai tuƙin ya sha, kada ka shiga motar, ko da ya ce kaɗan ne.

Abin da ake yi a ɗakin ɗanɗano, da yadda za ka yi naka

Yana da kyau ka san abin da abokan tafiyarka suke yi a ciki, don ka san tsawon lokacin da za ka jira. Akan zuba musu iri huɗu zuwa shida, kowanne ɗan kaɗan a gindin kofi, daga fari zuwa ja, daga marar zaƙi zuwa mai zaƙi. Su duba launi, su juya kofin, su shinshina, su kurɓa, masu abin da gaske kuma su tofar a wani mazubi da aka ajiye don haka. Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Mai karatun da addininsa bai hana shi ba, abin da zan ce masa shi ne ya ci abinci tukuna, ya yi amfani da mazubin nan, kuma kada ya tuƙa.

Kai kuma wannan awa ɗaya taka ce. Ka nemi lemon inabi iri biyu ko uku, fari da ja, in akwai mai gas ma a haɗa. Amma kafin a zuba, ka ce a kawo maka kwalbar ka karanta da idonka. Nan ne ake zamewa. Abin da kake nema shi ne wanda aka rubuta wa "grape juice", wato ruwan inabin da aka matse aka tsare shi bai tsimu ba. Akwai wani daban da ake rubuta wa "de-alcoholised": wannan giya ce cikakkiya aka yi, daga baya aka zare barasar da inji, kuma yakan rage har zuwa kashi 0.5 cikin 100. Kwalabensu iri ɗaya ne, ma'aikaci mai kyakkyawar niyya zai iya kawo maka na biyun yana ganin ya taimake ka. Ka duba ko akwai tambarin ɗaya daga cikin hukumomin tantance halal na ƙasar, wato MJC ko SANHA ko NIHT. In duk babu, Grapetiser da Appletiser lemo ne zalla, ana samun su ko'ina.

Idan an zuba, kada ka shanye a tashi ɗaya. Ka ɗaga kofin a hasken rana ka ga launinsa. Ka juya shi a hankali ka kai hanci, yadda mai sayen turare yake yi kafin ya taya. Ka kurɓi kaɗan ka bar shi ya zagaya baki. Zaƙi ne zai fara zuwa, sai tsami a gefen harshe, a jan kuma za ka ji wani ɗan bauri da ke kama dasashi, wanda daga ɓawo da ƙwallo yake fitowa. Lemon da zaƙinsa ya danne tsaminsa yana gundura tun a kofi na farko, mai kyau shi ne wanda suka yi daidai. Ka kurkure baki da ruwa tsakanin iri da iri. In ka samu na irin inabin da ake kira Hanepoot kada ka bari ya wuce ka, ƙanshinsa kamar na fure, ba shi da na biyu a wurina.

Wani abu game da lokacin girbi. Wasu gonaki sukan ɗebo wa baƙo ruwan inabi daga bakin matsa. In a gabanka aka matse, lemo ne, kuma ba za ka manta ɗanɗanonsa ba. In daga tanki aka ɗebo, ka tambaya yaushe aka zuba shi da kuma ko an sa masa yisti. Ko ba a sa ba, a jikin ɓawon inabi akwai yisti na halitta, kuma cikin zafi ba ya ɗaukar kwanaki da yawa yake fara cin sukarin yana mayar da shi barasa. Da ka ga kumfa yana tasowa ko ka ji yana tsikarin harshe, ka ajiye.

A cikin gona

Ka sa takalmi rufaffe da hula, ka riƙe ruwa. Kada ka kutsa cikin layukan kurangar sai an ce ka shiga, kada kuma ka tsinka sai an ba ka. Ba rowa ba ce. Takalmi yana ɗaukar ƙwari da cuta daga gona zuwa gona, kuma mutanen nan sun san abin da hakan ke jawowa: a 1886 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo musu, ya hallaka gonaki masu yawa. Maganin da aka samo shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro. Ana ɗora irin Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ka durƙusa ka duba gindin kowace kuranga, za ka ga kumburin wurin haɗin kaɗan sama da ƙasa.

Ka lura da siririn tiyon ban-ruwa na ɗigo da ke bin layi. Tun farin da ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town a 2018, maganar ruwa ba ta barin bakin manoman yankin, kuma za su gaya maka cewa da gangan suke rage wa inabin giya ruwa don 'ya'yan su yi ƙanana su tara zaƙi. Ka tambayi abin da suke shukawa tsakanin layuka a lokacin sanyi don riƙe ƙasa da danshi. A ƙarshen wasu layukan za ka ga furen wardi; tsohuwar dabara ce, wai shi yake fara nuna alamar farar cutar ganye kafin ta kama inabin.

In an ba ka ka ci, za ka ga bambanci da na kanti. Inabin giya ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, cike da ƙwallo, amma sun fi na ci zaƙi nesa. Ka matse baƙi ɗaya tsakanin yatsu: ruwan fari ne, launin duk a ɓawo yake. Mai kula da gona yakan riƙe wani ɗan ma'auni da yake ɗiga ruwan a kai ya leƙa, shi yake nuna masa yawan sukari har ya san ranar girbi ta yi. Masu tsinka kuma tun kafin gari ya waye suke farawa, don inabin ya isa matsa da sanyinsa.

Su waɗannan masu tsinka, ka gaishe su. Bayi ne suka gina gonakin nan, waɗanda aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, har aka soke bautar a 1834. Bayan nan aka daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. An haramta hakan a 1960, amma bai mutu ba sai can bayan shekaru da dama, kuma illarsa tana nan a jikin iyalai har yau, musamman yaran da aka haifa uwayensu suna sha. A 2012 ma'aikatan gona suka yi gagarumin yajin aiki da ya faro daga De Doorns, wanda ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105 a 2013. Wannan yana cikin abin da ya sa nake son mutanenmu su je da idonsu a buɗe. Kada ka ɗauki hoton ma'aikaci sai ka nemi izininsa, kuma wanda ya yi maka hidima a tebur ka ba shi kashi 10 cikin 100 na kuɗin abincin ko fiye, haka al'adar take.

Abinci da salla

Yawancin wuraren cin abinci na gonaki ba na halal ba ne. Akwai naman alade a farantin cuku da busasshen nama, kuma sukan zuba giya a miyar nama, a romon kifi, har a kayan zaƙi. Kada ka tsaya a tambayar nama kawai, ka tambaya ko an sa giya a girkin. Gasasshen kifi ba miya, burodi, man zaitun, ganye da 'ya'yan itace sun fi sauƙin tantancewa. Akwai wani burodi na lokacin girbi da ake kira mosbolletjies wanda asalinsa da ruwan inabi mai tsimuwa ake tayar da ƙullinsa, ka san da wannan kafin ka kai hannu. Mafi sauƙi duka shi ne ka karya da kyau, ka riƙe guzuri, ka bar babban ci sai ka koma gari, inda a unguwar Bo-Kaap da Athlone abincin halal ba ya yankewa.

Alƙibla a Cape Town ba gabas take ba kamar a gida, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, ka duba a wayarka. Ka tafi da darduma, wuri mai tsabta a ƙarƙashin bishiya ba ya wuya. A cikin garin Stellenbosch akwai tsohon masallaci, a Paarl ma akwai masallatai, in ranar Juma'a ce sai ka tsara fitarka a kansu.

Yanzu maganar Klein Constantia. A bakin gonar, gefen wani rafi cikin bishiyoyi, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin shugabannin da mutanen Holan suka kamo daga Sumatra suka kawo nan a ɗaure a shekarun 1660. Ba nisa da shi, a tudun da ake kira Islam Hill, akwai na abokin tafiyarsa Sayyid Mahmud. A hanyar Somerset West kuma, a Macassar, akwai na Shehu Yusuf, wanda aka kawo a 1694 aka ajiye shi a gonar Zandvliet don a nisanta shi da bayin cikin gari, amma wurin ya zama matattarar Musulmi har ya rasu a 1699. Sai a 1794 aka samu masallaci na farko, Auwal, a Bo-Kaap. Ka cire takalmi, ka yi sallama, ka yi musu addu'a. Ko da lokacinka ya ƙure, ka rage gona ɗaya ka je nan.

Tsaraba

Kantin kowace gona yana da abin da za ka saya da kwanciyar rai: man zaitun, zuma, cuku in tafiyarka ba ta da nisa, shayin rooibos, jam ɗin inabi da suke kira korrelkonfyt, da zabibi, wanda akasarinsa daga gaɓar kogin Orange wajen Upington ake kawo shi. Kwalbar lemo ko ta mai a naɗe ta da tufafi a sa a babbar jaka, ba a shiga jirgi da ita a hannu. In wani a gida ko a ofis ya ce ka riƙo masa kwalbar giya, ka ba shi haƙuri tun kafin ka tashi.

Manomanmu, musamman na wajen Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna inda noman inabi ya kankama, za su ji kwaɗayin yanko reshe su sa a jaka. Kada a yi. Shigo da tsiro ba takarda laifi ne, ana ƙwacewa a filin jirgi, kuma ta haka cutar da ba mu da ita take shigowa gonakinmu. Wanda yake son iri ya nemi adireshin gidan renon dashe mai rajista, akwai su da yawa wajen Wellington kusa da Paarl, sannan in ya dawo ya nemi izinin shigowa da shi daga hukumar killace kayan gona ta NAQS kafin ya yi oda. Ya kuma gaya wa masu renon cewa a wurinmu babu sanyin da ke sa kuranga ta zubar da ganye ta huta, don su zaɓa masa irin da ke jure ƙasa mai zafi da kuma saiwar da ta dace da shi.